Jatan lande da waken soya: ƴar hodar da ake fatan ta rage wa kifin teku nauyi

A gaɓar mashigin tekun Guwayakil, can ƙasar Ekwado a Kudancin Amurka, akwai gonakin da ba a shuka komai a cikinsu. Tafkuna ne manya-manya, wani shi kaɗai ya kai hekta 10, an tare su da tudun ƙasa an cika su da ruwan gishiri. A cikin da yawa daga tafkunan nan an nutsa makirfo ƙarƙashin ruwa. Mu da muka saba da makirfo a ɗakin watsa shirye-shirye, ranar da muka fara jin labarin sai da muka yi dariya, ashe da gaske ne. Jatan lande idan yana cin abinci muƙamuƙansa na yin wata ƴar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas. Na'ura tana saurare: in ƙarar ta yi yawa ta san ana jin yunwa, sai ta watsa ƙarin abinci; in ta lafa sai ta dakata.

Dalilin wannan wahala duka kuɗi ne. A gonar da ake kiwon jatan lande gadan-gadan, abinci kaɗai yana cinye rabin abin da manomi ya kashe, wani lokaci har kashi 60 cikin 100. Duk ƙwayar da ta nutse ta ruɓe cikin laka ba a ci ba, asara ce. To amma makirfo iyakarsa baki. Abin da ke faruwa bayan an haɗiye, wato ko ciki ya narkar da abincin ya zama tsoka ko kuwa ya fitar da shi a banza, wannan wani fage ne daban, kuma a kansa ne kamfanonin haɗa abinci suka duƙufa. Shawararsu ita ce a zuba wa abincin sinadaran narkarwa, waɗanda masana ke kira enzim, tun kafin a watsa shi cikin tafki.

Mai karatu zai ce, mu da muke nesa da teku ina ruwanmu da cikin jatan lande? A yi mana haƙuri, za mu zo wurin, domin zaren labarin ya biyo ta bakin tekun Afirka ta Yamma, ya kuma shigo har cikin buhun abincin kaji da na tarwada.

Wanda muka sani da wanda ake kiwo

Yawancinmu busasshensa muka sani, ɗan ja-ja ɗin nan da ƴan kudu ke aunawa da gwangwani a kasuwa, a daka a zuba a miya. Wannan daga teku da bakin koguna ake kamo shi. Ƙasar Kamaru ma daga gare shi ta samo suna: Turawan Fotugal da suka iso bakin kogin Wuri a 1472 sun tarar da shi jingim, suka kira wurin Kogin Jatan Lande da harshensu, kalmar tasu ce ta yi ta rikiɗa a baki har ta zama Kamaru.

Wanda ake kiwo ya fi wancan girma nesa ba kusa ba. Irin da ya mamaye duniya shi ne farin jatan lande, wanda a littattafan kimiyya ake kira Penaeus vannamei. Asalinsa gaɓar tekun Fasifik ne, daga Meziko zuwa arewacin Feru, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yakan kai gram 20, ya isa kasuwa. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2022 an noma tan miliyon 6.8 na wannan iri kaɗai, babu wani kifi ko wata dabbar ruwa da aka noma kamarsa. A wannan shekarar ce kuma, karon farko a tarihi, dabbobin ruwan da aka yi kiwo suka zarce waɗanda masunta suka kamo: tan miliyon 94.4, wato kashi 51 cikin 100. Ƙasar Sin ce ta fi kowa nomansa, amma ita take cinye abinta har ta sayo ƙari. Ekwado ce kan gaba wajen fitarwa, a 2022 ta tura fiye da tan miliyon 1 zuwa ƙetare. Sai Indiya, inda jihar Andra Faradesh ta cika da tafkuna bayan da hukuma ta ba da izinin kiwon farin irin a 2009, sai Biyetnam a fadamun kogin Mekong, sai Indunusiya. A Afirka, Madagaska ce ta yi suna, tana kiwon wani babban iri mai ratsi-ratsi tun farkon shekarun 1990.

Duk waɗannan bakuna sai an ciyar da su, kuma jatan lande ba ya cin abin banza. Abincinsa sai ya ƙunshi furotin kashi 30 zuwa 40 cikin 100.

Garin kifi ya yi tsada

Shekara da shekaru hanyar da ta fi sauƙi ita ce garin kifi. A kamo ƙananan kifaye, a dafa, a matse mai, a busar, a niƙa. Furotin ɗinsa ya haura kashi 60 cikin 100, yana narkewa cikin sauƙi, ƙanshinsa kuma yana jawo jatan lande zuwa ga abinci. A tsakiyar shekarun 1990 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na buhun abincin jatan lande garin kifi ne.

Matsalar ita ce teku ba ya ƙaruwa. Garin kifin da duniya ke samarwa ya daɗe yana tsaye a wajen tan miliyon 5 a shekara, alhali masu nemansa kullum ƙaruwa suke. Kafin a sami kilo 1 na gari sai an narkar da kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi. Babban tushensa wani ɗan kifi ne na tekun Feru da ake kira ancobeta, shi kuwa rayuwarsa na rataye da sanyin ruwa. Duk shekarar da ɗumin nan da ake kira El Ninyo ya taso, kifin sai ya ɓace. A 2023 gwamnatin Feru ta soke kakar kamun farko gaba ɗaya a babban yankin kamun, farashi ya tashi a duniya. A wajen 2000 tan ɗaya na garin kifi bai kai dalar Amurka 500 ba. Bayan 2010 kuwa, a yawancin shekaru ya yi ta kai da kawowa tsakanin 1,300 da 1,800. Mu lura, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Tsadar nan ce ta kawo masu kamfani gaɓar tekunmu. A Nuwadibu ta Moritaniya masana'antun garin kifi sun yi yawa cikin ƴan shekaru, haka a Senegal, haka a Gambiya a garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong. Kifin da suke niƙawa shi ne wanda Wolof ke kira yaboy, da ɗan'uwansa bonga, wato kifin talaka, wanda mata ke ƙyafewa a ɗora a mota zuwa ƙasashen da ba su da teku. A 2021 ƙungiyoyin Greenpeace Afirka da Changing Markets sun fitar da rahoto suna cewa ana kwashe fiye da tan dubu 500 na irin wannan kifi daga yankin kowace shekara don yin gari da mai, abin da a lissafinsu zai iya ciyar da mutum miliyon 33. Gaskiya ne ba jatan lande kaɗai ke cin wannan gari ba, akwai kifin salmon na Turai, akwai aladu da kaji. Amma kasuwar garin kifi guda ce a duniya, duk wanda ya ƙara saye ya ƙara wa kowa farashi.

A Asiya ma garin kifi ya taɓa jawo abin kunya. A 2014 jaridar Guardian ta Ingila ta bankaɗo yadda ake bautar da baƙin ma'aikata a wasu jiragen kamun kifi na Tailan, waɗanda tarkacen kifinsu ke ƙarewa a abincin jatan lande. A 2015 Tarayyar Turai ta yi wa Tailan gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, ba ta janye shi ba sai a 2019.

Saboda haka kowa ya juya ga tsirrai, musamman tunkuzar waken soya, wato abin da ya rage bayan an matse mai. Tana da furotin kashi 44 zuwa 48 cikin 100, tana da araha, ana samunta ko yaushe daga Barazil da Ajantina da Amurka. A ido kamar an gama magana. A cikin ciki kuwa ba haka ba.

Abin da wake ya ɓoye

Kowace ƙwayar iri tana da makaman kare kanta daga masu ci. Waken soya yana ɗauke da wani sinadari da ke ɗaure tiripsin, shi kuwa tiripsin shi ne babban enzim ɗin da jatan lande ke narkar da furotin da shi. Gasa waken yana karya yawancin wannan makami, shi ya sa ba a ba dabba ɗanyen soya. Akwai kuma ɓawo da zare-zaren da cikin jatan lande ba ya iya fasawa sosai, suna kulle abinci mai amfani a cikinsu, suna sa abin da ke hanji ya yi kauri.

Babban abokin gaba shi ne fitat. A cikinsa ne tsiro ke ajiye fosfor domin ranar tsirowa, kusan kashi biyu cikin uku na fosfor ɗin da ke cikin hatsi da wake a wannan siffa yake. Dabbar da ba ta tuƙa, kamar kaza da kifi da jatan lande, ba ta iya kwance shi yadda ya kamata. Bai tsaya nan ba, yana kama zinki da ƙarfe da kalsiyom ya riƙe, ya kuma manne wa furotin ya hana shi narkewa. Jatan lande kuwa mai saɓa ne, yana tuɓe ɓawonsa ya yi sabo sau da yawa kafin ya girma. Kalsiyom yana iya tsotsarsa daga ruwan teku, amma fosfor ƙalilan ne a ruwa, dole ta baki zai samu. Sai ya zama mai haɗa abinci yana sayen fosfat na ma'adini, wanda mafi yawan ajiyarsa a duniya a Maroko yake, yana ƙarawa, alhali ga fosfor nan cikin waken yana wucewa ta hanji zuwa laka.

A nan enzim ya shigo. Sunan ne baƙo, aikin kuwa mun san shi tun kaka da kakanni. Wanda ya tauna gurasa ya daɗe bai haɗiye ba zai ji ta soma zaƙi, enzim ɗin miyau ne ke mayar da sitaci sukari. Matar da ta nannaɗe nama mai tauri da ganyen gwanda, da enzim take aiki. Bafulatanar da ke daskarar da madara da tumfafiya ta yi wagashi, haka. Ita ma daddawa, ƙwayoyin bakteriya ne ke zuba enzim a jikin kalwa su farfasa furotin ɗinta har ta yi laushi ta yi wannan ƙanshi da maƙwabta ke shaidawa. Kowane enzim da abin da yake yankawa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Furotiyaz na yanka furotin, amilaz sitaci, lipaz mai, zilanaz da mananaz su kwance zaren ɓawo, fitaz kuma ya fasa fitat ya saki fosfor.

Wasu masana ƴan Japan ne suka gano fitaz a cikin dusar shinkafa tun 1907, amma bai shiga kasuwa ba sai 1991, a ƙasar Holand. Kashin aladu da kaji ya yi wa ƙasar yawa, fosfor ɗin da ke cikinsa yana ɓata ruwa, gwamnati ta kafa doka mai tsanani. Kamfanonin Gist-brocades da BASF suka fito da fitaz mai suna Natuphos, wanda aka samo daga wata baƙar hunhuna, Aspergillus niger. Kada wani ya yi murna ko ya yi fushi: kalmar “niger” a nan Latin ce, ma'anarta baƙi, ba ta da alaƙa da ƙasar Nijar. Daga nan fitaz ya zama ruwan dare a abincin kaji da aladu. Ana noma hunhunar ko bakteriyar cikin manyan tankuna, a tace sinadarin, a mayar da shi hoda ko ruwa. Abin da ake zubawa kaɗan ne ƙwarai, gram ɗari ko ƴan ɗaruruwa a cikin tan guda na abinci.

Da yake ya yi wa kaza aiki, sai aka ɗauka zai yi wa jatan lande. Nan ne aka ci karo.

Ciki ba irin na kaza ba

Kaza tana da tumbi mai tsami, kuma yawancin fitaz ɗin da ke kasuwa a cikin tsami ya fi aiki. Jatan lande ba shi da irin wannan tumbi. Abin da yake da shi wata ƴar jaka ce mai haƙora a ciki, tana niƙa abinci, sannan ruwan ya tace zuwa wata gaɓa da ke cikin kansa, mai haɗa aikin hanta da na samar da ruwan narkarwa. Manoma hanta suke ce mata, kuma ita suke fara dubawa in sun ɗaga jatan lande a hasken rana. Ruwan cikinta kusan tsaka-tsaki ne, tsaminsa bai kai na tumbin kaza ba ko kusa. Ga shi hanjin gajere ne miƙaƙƙe, abinci na shiga ya fita cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ke nan enzim ɗin da aka yi don kaza ya zo wurin da bai dace da shi ba, lokacinsa kuma ƙanƙani.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa wa manomi ba. Ƙarfin fitaz da ake rubutawa a jikin buhu, an auna shi ne a ɗakin gwaji a zafin digiri 37 da wani ma'aunin tsami na musamman. Jatan lande jikinsa na bin zafin ruwa ne, tafki kuwa yakan tsaya a digiri 28 zuwa 30, da damina ko da sanyi ya sauka ƙasa da haka. Lambar da ke kan buhu gaskiya ce, amma gaskiyar ɗakin gwaji.

Masana sun bi hanyoyi daban-daban don kauce wa wannan. Wasu na haɗa fitaz da ɗan tsamin lemo na masana'anta domin a tsamama abincin. Wasu na neman fitaz daga bakteriyar Bacillus, dangin wadda ke yi mana daddawa, domin nata ya fi jure rashin tsami. Wasu kuma sun ce me zai sa a jira sai cikin ciki? Sai su jiƙa tunkuzar soya da enzim, ko su bar ta ta kwana ta yi tsami tun a masana'anta, a fasa fitat ɗin kafin a dunƙula abincin. Mu a ganinmu wannan ta ƙarshe ta fi kama hankali, ko da yake tana ƙara aiki da kuɗi, domin ita ce dabarar da iyayenmu mata ke yi wa gero da kalwa.

Wuta da ruwa

Cikas na biyu a masana'anta yake. Kifi yana haɗiye ƙwayar abinci lokaci guda. Jatan lande kuwa a ƙasan tafki yake kiwo, ya riƙe ƙwayar da ƴan ƙafafunsa na gaba yana gutsura a hankali. Dole ƙwayar ta nutse, ta kuma jure awa biyu ko fiye a ruwa ba ta watse ba. Don a sami haka sai an niƙa kayan haɗin lilis, a zuba garin alkama, a turara da tururi mai zafin digiri 90 ko fiye na tsawon mintoci masu yawa. Injinan zamani masu matsa abinci da ƙarfi ma suna wuce digiri 110. Enzim kuwa shi kansa furotin ne. Kamar yadda farin ƙwai in ya dahu ba ya komawa ɗanye, haka enzim in zafi ya dafa shi ya tashi daga aiki, kuɗin da aka saye shi sun ƙone.

Mafita ɗaya ita ce a fesa enzim ɗin ruwa a jikin ƙwayoyin bayan sun huce, a bi da man kifi ko na tsiro a rufe. To sai ruwa ya ce ga ni. Abin da ke saman ƙwaya shi ne farkon wankewa, jatan lande kuwa ba ya gaggawa. Manyan masana'antu na amfani da injin da ke zuƙe iska domin man da enzim su shige can cikin ƙwayar. Wasu kamfanoni kuma sun ƙera enzim mai jure zafi, ko mai sanye da rigar kitse, wanda ake zubawa tun wajen haɗi. Ƙaramin manomi a Andra Faradesh ko Mekong da ba shi da waɗannan injina, a bakin tafki yake nasa haɗin: ya dama hodar da ɗan ruwa, ya yayyafa a abinci, ya cuɗa da mai ko wani abu mai danƙo, ya shanya a inuwa ƴan mintoci, sannan ya watsa. Nawa ne ya isa ciki, nawa ne ya bi ruwa, wannan ya danganta da hannun mai cuɗawa.

To yana aiki ko ba ya aiki?

Gwaje-gwajen da aka yi a jami'o'in Sin da Tailan da Indiya da Meziko da Barazil ba su yi magana da baki ɗaya ba. Inda aka fi ganin amfani shi ne a abincin da aka rage wa garin kifi aka ƙara masa soya: zuba furotiyaz, ko haɗin enzim iri-iri, yakan sa furotin ya fi narkewa, girma ya matso kusa da na masu cin garin kifi da yawa. A abincin da dama can mai kyau ne, cike da garin kifi, sau da yawa bambancin ba ya taka kara ya karya. Shi fitaz yakan ƙara yawan fosfor ɗin da jiki ke riƙewa, amma ba kullum wannan ke bayyana a kan sikeli ba. Sannan da yawan gwaje-gwajen a cikin tankuna masu tsabta ake yinsu, na mako shida zuwa takwas, kuma ba kaɗan ba ne kamfanonin da ke sayar da hodar suka biya kuɗinsu. Tafkin ƙasa kuwa akwai gansakuka da tsutsotsi da ƙananan halittun da jatan lande ke tsinta, suna iya rufe bambancin gaba ɗaya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wani abin kuma, enzim ba ya ƙirƙiro abin da babu. Waken soya yana da ƙarancin metiyonin, ɗaya daga tubalan furotin da jiki ba ya yi da kansa. Jatan lande ba ya iya haɗa kolestarol a jikinsa, sai an ba shi, tsiro kuma kusan babu shi a ciki. Ko buhu guda na enzim aka juye, waɗannan sai an sayo an ƙara.

Inda muke ganin hujjar masu enzim ta fi ƙarfi shi ne ruwan tafki. Daga azot ɗin da ke cikin abinci, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke komawa naman jatan lande, na fosfor ma bai kai haka ba. Saura duk a ruwa da laka yake taruwa, ya haifar da gansakuka mai yawa, iskar shaƙa ta ƙare da asuba, miyagun ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Masu wannan sana'a sun ɗanɗana kuɗarsu. Cutar farin tabo ta durƙusar da Ekwado a 1999, ta shiga Mozambik a 2011 da Madagaska a 2012. Wata kuma da ake kira mutuwar wuri ta ɓulla a Sin a 2009, ta bi Biyetnam da Malesiya, ta isa Tailan a 2012. Tana lalata hantar nan ne cikin wata ɗaya da zuba ƴaƴa a tafki. Sai a 2013 ayarin Donald Lightner na Jami'ar Arizona a Amurka ya tabbatar cewa wani nau'in bakteriyar Vibrio ne. Tailan, wadda ke noma kusan tan dubu 600 a shekara kafin annobar, ta faɗi ƙasa da rabin haka cikin shekara biyu.

Tun daga lokacin duk abin da aka ce yana gyara ciki da hanta yana samun kasuwa, kuma a nan ne ƴan talla ke wuce gona da iri. Enzim ba magani ba ne. Ba ya kashe Vibrio, ba ya korar farin tabo. Abin da zai iya yi, in ya isa ciki da ransa, shi ne rage ƙazantar da ke sauka ƙasan tafki da rage abincin da ke ruɓewa cikin hanji. Wanda ya sayar wa manomi shi da sunan riga-kafin annoba ya cuce shi.

Lissafin da ya dawo gida

Bari mu yi ɗan lissafi na kanmu, da alƙalami da takarda. Idan muka ɗauka kilo 1 na jatan lande na cin kilo 1.4 na abinci, tan miliyon 6.8 zai buƙaci wajen tan miliyon 9.5. Rage garin kifi da kashi 1 tak cikin 100 a wannan abinci yana nufin tan dubu 95 na gari, wanda in da ɗanyen kifi zalla aka yi shi ya haura tan dubu 400. Wannan ya kusa kai abin da rahoton 2021 ya ce ana kwashewa daga Afirka ta Yamma a shekara. Lissafin ɗanye ne, domin ba kowane tafki ke cin abincin buhu ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na garin kifin duniya daga kawuna da ƙayoyi da kayan cikin kifin da aka riga aka yanka ake yinsa. Duk da haka ya nuna girman abin da ke cikin ƴar hodar nan.

Sai dai kada matan Gunjur su yi saurin guɗa. Kason garin kifi a kowane buhu ya ragu sosai tun shekarun 1990, amma yawan buhunan ya ninka sau da yawa. Garin da jatan lande ya bari, mai kiwon salmon ko alade na nan yana jira da kuɗinsa. Abin da zai hana niƙa yaboy dokar ƙasashen da ke da tekun ce, da masu sa ido a tashar jiragen ruwa.

Masu kiwon tarwada da karfasa da ke yawan bugo mana waya a shirin noma da kiwo, su ma abin ya shafe su, domin irin wannan hoda ce ake sa wa abincin kifi da na kaji na kamfani, wani lokaci sunanta na nan rubuce a takardar da ke ɗinke a bakin buhu. Su sun ma fi mai jatan lande sa'a. Tarwada na da tumbi mai tsami, na karfasa ya fi shi tsami, don haka fitaz ya fi samun wurin aiki a cikinsu, musamman ga wanda ke haɗa abincinsa da dusa da tunkuzar gyaɗa ko ta soya, waɗanda ke cike da fitat. Wanda zai gwada, ya ware tafki biyu masu kifi daidai wa daida, ɗaya da hoda ɗaya babu, ya riƙa auna abincin da ya zuba yana rubutawa, ran kamu ya ɗora a sikeli ya kwatanta da kuɗin hodar. Kada a zuba ta kafin dafawa ko turarawa, sai in an rubuta a jiki cewa tana jure zafi. A duba ranar da aka yi ta da ranar lalacewarta. Ajiya ma abin lura ce: yawancin kamfanoni na cewa a sa ta wuri mai sanyi, busasshe, ƙasa da digiri 25, shagon kwano kuwa a watan Afrilu yakan wuce digiri 40 tun kafin azahar.